Wa Ke Auna Ma'auni?

Ubanta ma'aikacin hukuma ne a kasuwar Skipton,
mai duba sikelin mahauta da na masu cuku.
Yana yawo da duwatsun tagulla a akwatin katako,
kowanne a raminsa, kamar ƙwai a sheƙa.
Tana shekara tara ta tare shi ana cin abincin dare:
Baba, su duwatsun naka, wa ke auna su?
Ya ce akwai waɗansu a Landan.
Ta ce, na Landan fa?
Ya ce, ci dankalinki, Enid.

Dankalin ya wuce.
Tambayar ce ta maƙale a wuya, shekara sittin.

Sa'ad da na san ta, ta zama Farfesa Garforth,
ofishinta a hawa na uku a Leeds,
taga na kallon bututun hayaƙin tsohuwar masaƙa,
laima uku a lungu, duk masu yoyo.
Abokan aikinta na falsafa daga kan kujera.
Ita kuwa ta roƙi masu ɗakin gwaji
su bar ta ta riƙa wanke musu kwalabe.
Shekara biyu hannu a kumfa, ido a kansu:
ta ga an zubar da sakamakon ranar Talata
wai injin bai ɗau zafi ba,
an riƙe na Laraba don ya zo yadda ake fata.
Ba ta kira su maƙaryata ba.
Ta ce hannu na da sanin da takarda ba ta ɗauka,
kuma gaskiyar masu bincike ɗinki ce:
a ɗinka, a gwada a jikin duniya,
in ta yage a kafaɗa, a farke, a sake.

Littafinta mai shuɗin bango ya zaga jami'o'i.
Ni kuma, ɗan ashirin da uku, ga ƙuraje ga ɗagawa,
na tsinci rami a babi na biyar.
Kwana huɗu barci ya ƙaurace mini.
Na hau benen gwiwa na rawa.
Shafi biyu na miƙa. Ta karanta. Ta sake.
Ta cire tabarau. Na ce kashina ya bushe.

Sai ta daki tebur, dariya har kofi ya yi tsalle:
Desmond, ka rushe mini shekara goma sha ɗaya!
Ɗauko laima, mu je in saya maka shayi.

Mun jiƙe sharkaf kafin mu isa.
Littafi na biyu da kalma uku ta buɗe shi:
Na yi kuskure.

Da tsufa ya zo, ta koma Whitby, bakin teku,
inda iska ke ɗanɗanon gishiri da soyayyen kifi.
Sunaye suka fara sulalewa daga kanta, ɗaya bayan ɗaya.
Ta manna takardu a jikin gwangwanayen kicin:
Wataƙila sukari.
Gari, sai an gwada.
A ƙofar ɗakin kwana: Jiya dai nan ne.
Mai jinya ta ɗauka ruɗewa ce.
Ni na san hannun. Aikinta take ci gaba da yi.

Ziyarata ta ƙarshe ba ta gane ni ba.
Ta dubi fuskata tsawon lokaci, ba tsoro,
kamar sakamakon da bai zo yadda ake fata ba,
wanda kuma ba za ta zubar ba.

Akwatin ubanta ta bar mini a wasiyya.
Na buɗe shi a jirgin ƙasa, wajen York.
Tagulla goma sha ɗaya, rami goma sha biyu.
A na ƙarshen, tsakuwar bakin teku, baƙa, mai santsi,
da guntuwar takarda a naɗe:
Kusan oza biyu. Ka duba.

Har yau ban duba ba.
Da me?