Abin da Ke Cikin Ƙahon Baba

Ran kasuwar Gujungu, a gindin maɗaci,
Baba ya shimfiɗa buzu, ya kwance zabira.
Nomau ya tuɓe riga ya juya masa baya,
bayan da huɗa ta tanƙware kamar lauje.
Baba ya jiƙa fata, ya kifa ƙaho,
ya kama tsini da leɓe ya zuƙa har kumatu suka lotsa,
ya turo jijiya da harshe ya toshe kafar.
Ya saki hannu.
Ƙaho ya tsaya ƙyam a kafaɗar mutum,
ba igiya, ba ƙaro, ba mai tallafe shi.

Na ce, Baba, me ka zuba a ciki?
Ya ce, zubawa? Kwashewa na yi.
To me ya rage?
Ya ce, babu.
To wa ke riƙe da shi?
Ya ce, babun.
Ka raina ta ne don ba ka taɓa leƙa rumbu
a tsakiyar damina ba.
Ita ke jan maigida har Kano da ƙafa.

Shekaru suka tura, na je makaranta a Ringim.
Malam Sha'aibu, mai alli har a gira,
ya kifa kofi cike da ruwa a kan takarda,
ruwan ya ƙi zuba.
Ya ce babu ba ta da hannu, ba ta ja.
Iska kogi ce, mu muna ƙasanta kamar tarwaɗa,
ta danne mu ta ko'ina har mun manta nauyinta.
In ka rage ta ciki, ta waje ke turawa.
Ya ce kuma ba huhu, ba inji,
da zai share wuri tas.
Share rumbu sau bakwai,
tururuwa za ta fito da ƙwayar gero a baki.
Ko can tsakanin taurari, in ji shi,
ƙwaya nan, ƙwaya can,
kamar shukar da fari ya bi ta kai,
ga haske na ratsawa bai nemi izini ba.

Na ɗauko zancen da zafinsa na kai gida.
Baba na wasa aska a kan fata,
bai ɗago ba sai da na kai aya.
Ya ce, malaminku ya taɓa sa baki a ƙaho?
Na ce a'a.
Ya gwada kaifi a gashin hannu.
Ya ce, rabi na yarda.
Shekara arba'in ina cire ƙaho,
ban taɓa tarar da shi wayam ba.
Ko jini, ko gumi, ko tururin jikin mutum.
Batun turi kuwa, a bar shi sai ya zo.
Ya ci gaba da wasa askarsa.

Bai zo ba. Baba ma bai jira ba.

Yanzu zabira na rataye a ƙusar zaure,
'yan gaisuwa sun watse, an naɗe tabarmi.
Inna ta ce ɗakin ba kowa, a rufe saboda awaki.
Jiya na ɗauko ƙaramin ƙahon,
wanda haƙoransa suka yi wa zobe a tsini.
Na kifa a damtsena na zuƙa.
Ɗacin goro ya taso mini a harshe,
tsohon goro, ba nawa ba.

Ƙaho ya kama.
Na zauna da shi har inuwa ta bar dakali,
ina sauraron fatata tana tashi,
ban san ko daga ciki ake ja
ko duniya ce ta taru a waje tana dannawa ba.

Na sa farce na ɓamɓare jijiyar.
Iska ta ce fit, ta koma mazauninta.
Shatin ya kwana a hannuna,
da'ira ja, daidai bakin ƙaho.