Awon Ƙafar Baduku

Shekara talatin da bakwai a bakin Kasuwar Dole
ina ɗora ƙafar mutum bisa kwali, in kewaye ta da fensiri.
Ƙafar ɗan ga-ruwa, mai faɗi kamar faifai,
ƙafar malamin lakwal mai gudun tsakuwa,
na san su fiye da fuskokin masu su.
An ce wanzami ba ya son jarfa.
To, ni tawa ƙafar ban taɓa juya ta na duba ba.

Sukari da ya shigo jinina bai yi sallama ba.
Ƙishirwa ya fara aikowa,
sai tashin dare, buta a hannu, har sau biyar,
daga nan ƙafafu suka yi shiru.
Na taka dutsen Birni da azahar, babu takalmi,
ban ji komi ba,
har na yi wa yara fariya, na ce jikin dā ne.

Barmu mai gyaran rediyo ya zo da sanda bayan salla,
ya zauna bisa bencina, ya daɗe yana kallon kirgi.
Ya ce, "Kanta, in ƙafa guda za ka ɗinka,
nawa za ka rage mini?"
Basilla ta faɗi daga hannuna.
Ƙaya ce, in ji shi. Ƙayar aduwa ƴar ƙarama,
ta kwana tara a diddige yana yawo da ita.

Ran Talata na hau kabu-kabu.

Yarinyar asibitin sunanta Cima, sa'ar autata.
"Baba, tuɓe takalmi."
Ta tsayar da ni bisa wani faranti mai sanyi,
sai ga tafina biyu a allon na'ura,
kamar fatun da aka shanya a majema,
nan shuɗi, nan kore, nan ruwan ɗorawa.
Ƙarƙashin babban yatsan hagu kuwa
ja wur, garwashi guda,
wuta na ci a gidana ina barci.

Ta ce in rufe ido, in na ji taɓi in ce "i".
Na jira. Ina jin fanka, ina jin kukan jariri a waje.
Na ce, "Ƴata, fara mana."
Ta ce, "Baba, na taɓa ka sau bakwai."

Ta ɗauki takalmina, aikin hannuna,
ta zura yatsa ciki, ta zaro shi da sauri.
Bakin ƙusa. Ni na buga ta da rani.
Kunya ta fi ƙusar tsini.

Ta ɗauki hoto, ta tura wa likita ta waya,
kafin in ɗaura igiyar wando daidai amsa ta dawo:
fata ba ta fashe ba tukuna,
gyambo na bakin ƙofa, bai shigo ba.
A kankare kanta, a sake takalmi, a dawo bayan wata.
Cima ta yi dariya: "Sunanka ma za mu kankare."

Yanzu nawa takalmin babu ƙusa ko ɗaya,
fatar akuya na shimfiɗa ciki, ninki uku.
Na sayi tsohon madubin babur dala ashirin,
bayan magariba nakan ajiye shi ƙasa
in gaida tafina kamar baƙon da ya yi nisa:
ina gajiya, yaya hanya, me ka taka yau?
Ba ya amsawa. Sai in duba da ido.

Mai saye in ya ɗora ƙafa bisa kwalina
har in ga kaushi ya yi baƙi, in ga farce ya lanƙwashe,
nakan tambaye shi sau nawa yake tashi da dare.
Wasu su yi fushi su tafi.

Na Barmu na gama shi, ban karɓi ko dala ba.
Fatar ɗaya ƙafar tana rataye bisa kaina,
na yanka ta tun kafin in tuna.