Allon Kwali

Rumfata na bakin tasha, gabas da Haɗeja,
farantan hasken rana biyu bisa jinka,
wayoyi talatin kwance kamar 'yan tsaki,
kowace na tsotson wuta ta igiyarta.
Sale mai caji ake ce mini.
Sunan da ke kan takardata kuwa
ba mai kirana da shi, ko a kasuwa.

Takardar na ƙasan adaka.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
da sunana ya fito a Dutse.
Baba ya shafa hatimin da yatsa,
ya ce, bari a yanke shinkafa.
Kogi ya riga mu kai lauje.
Gara ta ci gefen takardar,
gurbin karatun ya bi ruwa.

Bana yara bakwai suka zo.
An ce a na'ura ake jarrabawar,
su kuwa ko a mafarki ba su taɓa ta ba.
Na yanko kwalin taliya, na shimfiɗa a benci,
na zana harufa da gawayi,
na yi linzami da guntun sabulu.
Na ce, ku danna, ba ta cizo,
yau kwali ne, ta gaske na nan zuwa.

Tasi'u, hannunsa duk kantar jan koma,
yatsa ɗaya na danne harafi uku.
Hansatu 'yar Jauro Ori
kan tura ƙwaryar nono ƙarƙashin benci,
tana bitar kimiyya, ƙudaje na bitar kindirmo.
Ilu mai sanda, da shan inna ya taɓa,
shi ke riga kowa zuwa.

Ranar, mun tashi kafin assalatu
a bayan motar bandar kifi.
A layi 'yan birni suka toshe hanci.
Ilu ya ce, ku ƙyale su,
na'ura ba ta da hanci,
ba ta tambayar gidan uban kowa.

Sakamako sai a tudun makabarta,
can kaɗai waya ke kama sabis.
Na ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa.
Hansatu, ɗari biyu da arba'in da ɗaya.
Ilu ya haye da ƙyar, yadda yake haye kwalbati.
Huɗu sun yi shiru, sun san nasu.
Tasi'u maki shida suka gaza masa.
Ya ce, sake dubawa. Na sake.
Ya gangara bai yi sallama ba,
ya kwance kwalekwale ya shige ruwa.

Ku na ofis kuna cewa ƙofa a buɗe take.
Gaskiya ne, na gan ta da idona.
Amma tsakaninmu da ita
akwai kuɗin fom, kuɗin mota, ɗaki, katifa,
akwai gadar da ta karye tun bara waccan.
Mai rijiya a tsakar gida
bai san nauyin tulu ba daga dawa.

Bayan Juma'a liman ya shimfiɗa tabarma.
Tiyar riɗi, ƙullin barkono,
Goggo Ladiyo ta kawo agwagi biyu suna tsaki.
Jauro ya sayar da karsana,
ya ce in ta zama likitar shanu ta biya shi da allura.
Na zuba kuɗin sabon batir.
Muka ƙirga sau uku:
ya isa mutum ɗaya da rabi.
Ilu ya yi dariya, ya ce ai ni ne rabin.
Ba wanda ya taya shi darawa.

Jiya da magariba Tasi'u ya dawo,
da ƙarnin tarwaɗa a rigarsa.
Ya ce, ina kwalin?
Yayyafi ya wanke harufan.
Na miƙa masa gawayi,
ya tsuguna ya jera su daga ka,
bai tambaye ni mazaunin ko ɗaya ba.
Na juya ina lalubar wayoyin mutane,
kada ya ga idona ya kawo ruwa.