Zaren Tawada

A Hida, inda dusar ƙanƙara kan toshe hanya wata huɗu,
shekara uku na yi a rumfar tsoho Kumagai
ban taɓa zarto ba.
Aikina riƙe bakin zare.

Kurtun tawadarsa na icce ne, hannu ya cinye gefensa.
Audugar ciki ke fara shan ruwa da safe,
sannan mu mu sha shayi.
Sai ya kafa tsinke a goshin gungume,
ya ja zaren alharini har gindi,
ya kanne ido ɗaya,
ya ɗaga da yatsu biyu, ya saki.
Tas!
Layi ya kwanta siriri, ba gargada.

"Icce ba zai miƙe dominka ba, Shinzo.
Kai za ka nemo miƙaƙƙen
da ke kwance cikin karkatacce."

Gidan duka yana kan allo guda:
ɗigo ginshiƙi ne, zane azara,
kowane da harafinsa da lambarsa.
Wanda ya tsiro yana duban kudu, kudu zai duba.
Gindi ƙasa, kai sama,
ba a tsai da bishiya a kife ko bayan ta mutu.

Ranar da hazo ya sauka a idonsa
aka kawo wani gungume mai doro,
ya lanƙwashe kamar bayan tsohuwa a gonar shinkafa.
Ya shafa shi, ya shafa,
sai ya miƙo mini kurtun.
Bai ce komai ba. Ya koma bakin zare,
wurina.

Hannuna na rawa.
Tawada ba ta san afuwa ba,
abin da ta faɗa ta faɗa.
Na kanne ido. Na riƙe numfashi.
Tas!

Ya bi layin da farce tun daga goshi,
ya tsaya a doron, ya daɗe.
"Ka kauce da kaurin takarda," in ji shi.
"Ni na fara da kaurin yatsa.
Ɗauko alƙalamin gora, sa alamar rami."

Yau gidan na tsaye, ba ƙusa ko ɗaya.
Harshe ya shiga rami, ya rufe rubutunmu.
Masu gidan na barci ƙarƙashin layina
ba su taɓa ganinsa ba.

Wata rana, bayan jikokinsu,
wani kafinta zai zare turaku, ya buɗe gaɓar,
ya ga baƙin zane, ya ga kaurin takardar nan.
Ina fata ya yi murmushi,
ya bar shi yadda yake.