Aikin Hannu, Ranar Alhamis

Hedimasta ya ce ba kuɗin fenti,
ba takarda mai launi, ba gam.
Na ce masa kogi bai faɗi haka ba.

Da hantsi na kora su gaɓar Nilu,
su talatin da bakwai, 'ya'yan Mai Wurno,
kowa ya tsinto abin da aka raina.

Muzammil ya ciko hularsa da laka,
na san uwarsa za ta neme ni gobe.
Awadiyya ta yanko kaba,
ta rina da soɓorodon da ya kwana a tulu,
yatsunta suka yi ja kamar na amarya.
Tagwayen mai facin keke
sun zo da murafen kwalba cike da aljihu,
tafiyarsu kacau-kacau.
Ƙaro muka jiƙa a gwangwanin madara,
shi ne gam ɗinmu, har da masu lasa.

Kafin azahar benci ya zama kasuwa:
faifai karkatacce, carbin ƙwallon dabino,
mota mai ƙafa uku tana jiran ta huɗu,
da bijimin laka mai ƙaho guda.
Na ce, Tijjani, ina ɗayan?
Ya ce, Malama, faɗa ya yi, kuma shi ya ci.

Ikhlas ba ta je kogi ba.
Da damina babbar mota ta sauke su daga Khartum,
tun ranar ban ji muryarta ba sai a kiran suna.
Kwalin sabulu ta jawo can lungu,
ta yanka da rezar fiƙe fensir.
Bene hawa biyu.
Tankin ruwa na murfin man goge baki.
Igiyar shanya ta zaren buhu,
da ƙyalle shuɗi, ƙanƙani, rataye.

Na durƙusa na leƙa ta taga.
Har fanka ta yi, da tsinken ashana.
Na ce, ga ƙaro, manna ƙofar, tana lilo.
Ta riƙe hannuna.
Ta ce, haka muka bar ta.

Me littafin horon malamai ya ce a yi a nan?
Na duba jan birona, na mayar aljihu.

Muzammil ne, sarkin surutu, ya taso shiru,
ya murza 'yar lakar da ta rage a hular,
ya ajiye wani abu bakin ƙofar.
Kare ne, in ji shi, ko da ya fi kama da akuya.
Zai yi gadi kafin ku koma.

Ta daɗe tana kallonsa.
Sai ta ce, namu kunnensa ɗaya a kwance yake.
Ya sa babban yatsa ya kwantar.

An buga ƙararrawa.
Ban ba kowa maki ba,
na dai ce su wanke hannu kafin su taɓa littafi.