Ƙarfe Nawa Ne a Wurinku?

An ce ni ce zan tsai da lokacin zama,
wai don Zariya ce ta faɗo tsakiyar taswira.
Na juya takardar da aka naɗo min tsire a Kwangila,
na ja layi huɗu da biro a bayanta,
maiƙo ya riga ni isa Kanada.

Mu huɗu ne, aikinmu ɗaya:
bin sawun tsutsar da ke cin masara,
kowa da gonakin da yake leƙawa.
Wanjiru a Nairobi ta riga ni da awa biyu.
Dewi a Bandung ta riga ni da shida,
ina hura gawayin shayi, ita ta idar da Azahar.
Sai Barau, ɗan Gyallesu da karatu ya jefa Kalgari,
awa takwas yake bina bashi;
in na tashi ranar Talata
shi bai gama da Litinin ba.

Na ce goma na safe.
Barau ya ce, biyun dare ke nan, Malama,
sai dai ki zauna da aljanun gidan hayarmu.
Na ce to biyar na yamma.
Dewi ta turo hoton jariri a kafaɗa,
ba ta ƙara ko kalma ba.
Na goge, na sake, har takarda ta huje.
Na ce biyu na rana.
Shiru. Sai babban yatsa uku suka ɗago.
Na yi hamdala kamar wadda ta raba gado.

Ashe akwai na biyar da ban sa a lissafi ba,
mai zuwa ba sallama, mai tafiya ba sai anjima:
wutar unguwarmu.
Ita ba ta da agogon kowace ƙasa.
Biyu saura kwata ta ɗauke ƙafa,
na bi ta da jarkar mai har bakin titi.

Da Maris ya zo kuma
mutanen Kanada suka tura agogonsu gaba da hannu.
Barau ya zo da wuri, ya zauna shi kaɗai
awa guda yana kallon fuskarsa.
Na ba Goggo Ladidi labari tana tsince wake.
Ta ce, su suka matsar, ko rana ce ta yarda?
Mu a da, in an ce bayan La'asar
an gama magana,
inuwar katanga ce sakatariya.

Daga baya muka ce a yi adashin barci,
kowane wata mutum ɗaya ya zuba nasa.
Wanjiru ta zuba. Dewi ta zuba.
Yuli ya faɗo kaina, huɗu na asuba.

Na zauna a tabarma da mayafi,
an yi ruwa da dare, kwaɗi ba su gama shawara ba.
Muna kan lissafin gonakin Giwa
sai lasifikar masallacin bayanmu ta yi tari,
Malam Tanimu ya gyara murya
ya ja kiran farko, da 'yar rawar nan tasa a ƙarshe.
Na kai hannu zan kashe sautina.

Barau ya ce, bar shi.
Don Allah bar shi.

Tagarsa har yanzu da sauran hasken jiya.
Ya cire tabarau, ya kau da kai.
Ya ce, shekara huɗu.
Ashe tsohon yana nan.

Ba wanda ya duba agogo.
Bandung ta yi shiru da hantsinta,
Nairobi ta riƙe kofinta,
har Malam Tanimu ya kai aya.

A rahoton zama na rubuta:
an fara huɗu daidai,
an tattauna tsutsa,
an tsaya minti uku.
Ban faɗi agogon wa ba.