Ranar da Kakana Ya Shiga ta Ƙofar Baƙi

Jirgin fito na safe muka bi daga Riyo,
ni da kakana Valdomiro.
Ya sa rigarsa ta zuwa coci,
ya goge takalmi har sau biyu.

A Niteroi ginin ya tsaya bisa dutse,
farin akushi mai ƙafa ɗaya,
teku na lasar gindin dutsen.
Wata baƙuwa ta ce kamar daga sama ya sauko.
Kaka ya ja tsaki:
"Daga sama? Da gumi muka ɗaga shi."

Jar hanya ta murɗe zuwa ƙofa
kamar ɓawon lemon da aka fere bai tsinke ba.
Ya hau, gwiwa na kuka,
tafinsa na bin bango
yadda uwa ke taɓa goshin mai zazzaɓi.

Mai tikiti ta miƙo hannu.
Ya laluba aljihu yana murmushi:
"Da can, ni ake biya in shigo."

A ciki akwai allo shuɗi fal, ba komai a kansa,
da kujeru bakwai ɗaure da waya,
da talabijin, inda wata mace ke warware zare
ba ta gamawa.
Ya sunkuyo kunnena: "Iraci,
wannan an gama shi, ko ma'aikata sun tafi cin abinci?"

Sai ya juya wa zane-zanen baya.
Ɗakin ba lungu, ba kusurwa,
bango na bin kansa kamar maciji.
Ya tsaya, ya kanne ido ɗaya,
ya nuna wani tudu ƙanƙane
wanda ni ban gani ba sai da na karkata.
"Nan Tiburcio ya yi atishawa."
Ya yi dariya har mai gadi ya waiwayo.
Tiburcio, bana shekararsa tara a ƙasa.

Kowane zane da sunan mai shi a gefe.
Kaka bai karanta ko ɗaya ba.

Muka zauna jikin tagogin da suka kewaye ɗakin,
kwale-kwale biyu a ƙasa, masu jefa koma,
ya zare takalmin hagu a ɓoye.

Sai a waje, muna shan ruwan rake,
ya ce, "Mai shuɗin nan fa,
hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya.
Da zan ɗauke shi aiki."